Shekarar da Na Sauke Jerena

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara. Tun goman farko nake jin wani abu yana taɓa mini zuciya ban gane shi ba, sai shekaranjiya da Nafisa, matar ɗana, ta sauko da kwalin kayan adon Sallah daga kan kwaba. Muna zaune a falon gidanmu a nan Magariya, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, fanka ta tsaya, gumi na bin bayan kowa. Ta zazzage kwalin a kan tabarma: igiyar ƙananan fitilu masu ƙiftawa, furannin roba da suka dusashe, jinjirin wata na kwali mai ruwan zinariya. Rabin fitilun sun mutu. Ta ce ba komai, gobe za ta hau kabu-kabu ta je butik, kantin nan na bakin tasha, an kawo wasu masu cin hasken rana. Na ce to. Na ɗauki furannin na zuba a ruwan sabulu ina wanke su ɗaya bayan ɗaya, tana yi mini dariya, wai Hajiya ba ta yarda a yar da komai.

Ina cikin wankin ne na gane abin da ke taɓa ni. Azumi yakan yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya baro. Wannan zafin, da wannan iskar da ke busowa kamar daga bakin murhu, na taɓa azumtarsu. A ƙauyen mijina ne, tafiyar hantsi daga Dungas, ina da shekara goma sha tara, a shekara ta biyu da aurena.

Mu uku ne a gidan: ni, da Malam mai gidana, wanda har yau bakina bai iya kiran sunansa ba, da mahaifiyarsa da muke ce wa Iya. Iya doguwar tsohuwa ce marar yawan magana. Amarya take kirana tun ranar da aka kawo ni, kuma haka ta ci gaba da kirana har na haifi biyar. Daminar da ta wuce ta yaudare mu. An yi shuka ta bushe, aka sake ta sake bushewa, ta uku ce ta kama, ita ma ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi. Abin da muka kai rumbu bai kai rabin na kullum ba. Da sanyi ya wuce Malam ya ɗaure 'yar jakarsa ya tsallaka iyaka cin rani, kamar yawancin mazan garin. Ya ce zai dawo kafin ruwa, ya kuma taho da iri, don tun yana nan an fara taɓa damin da aka ware na shuka.

Kafin a ga watan azumi damin nan ya ƙare. Akuyar Iya ma ta tafi kasuwa ba ta dawo ba.

Ga yadda kwanakinmu suke. Da sahur kunun dusa ne, a tsinka shi ya yi yawa, sai ɗan kwaɗon busasshen zogale in an samu ƙuli. Ana idar da asuba mu mata mu ɗauki tuluna mu nufi rijiya, don in rana ta fito ba mai iya jan guga. Ruwan ya yi ƙasa har sai da aka ƙara wa igiya tsawo sau biyu, gugan ya fito rabinsa laka, a zuba a jira ya kwanta. Daga nan sai daji, neman hanza. Wanda bai ci hanza ba ba zai gane ba: 'ya'yan itace ne masu ɗacin tsiya, sai an ɓare an jiƙa ana sauya ruwa kwana da kwanaki kafin su ciwu, ga shi ruwan da za a sauya ɗin ma sai an yi jihadi. Da azahar gari ya mutu. Kaji su buɗe baki a gindin rumbu, jakuna su tsaya a inuwa ba ko kaɗa wutsiya. Ni da Iya mu jiƙa tsohon zane mu lulluɓa a gindin bedi, kafin a jima ya bushe ƙamas. Harshe ya manne da ganɗa. In aka kira magariba, ruwan tsamiya ne a ƙwarya, ba sukari, amma wallahi ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, har da lemukan da jikokina ke sa wa ƙanƙara yanzu.

A cikin wannan hali duka, in na shiga ɗakina raina yakan yi sanyi, saboda jerena. Mahaifiyata ta yi shekara bakwai tana tara mini shi, da kuɗin man gyaɗa da ƙuli. Faranta masu zanen fure an liƙe su da yumɓu a bangon da ke fuskantar ƙofa, sahu-sahu har kusa da jinka. A ƙasansu kanta ce ta laka, an ɗora kwanuka masu murfi, manya a ƙasa ƙanana a sama, da tasoshin jan ƙarfe biyu da ta gada a wajen tata uwar. A lokacin, adon Sallah na mace ke nan. In azumi ya kai ashirin sai a sauke jere gaba ɗaya, a wanke da toka da soso, a goge tasoshi da tsamiya har ka ga fuskarka, a shafe ɗaki da farar ƙasa, a mayar da komai. Ranar Sallah da yamma mata su bi gida-gida barka da Sallah, kuma kowa ta san ba gaisuwar kaɗai ta kawo su ba. Ido na kan bango. A unguwarmu jere biyu ake magana: nawa da na Rabi, maƙwabciyarmu, wadda aka kawo ta wata ɗaya kafin ni. Ƙawata ce, tare muke zuwa rijiya, amma kowace a cikinmu ta san adadin farantan 'yar'uwarta. Tana da wani babban faranti shuɗi mai hoton ɗawisu a tsakiya, wanda na sha mafarkinsa.

Ranar goma sha bakwai ga azumi shamuwa ta iso. Da safe muka gan su biyu a kan tsamiyar bayan gida suna gyara tsohuwar sheƙa. Iska ma ta juya, ta fara zuwa daga kudu da ɗan laima a cikinta. A shekarar arziki wannan abin guɗa ne. Na ga Iya ta tsaya da tulu a ka tana kallonsu, sa'an nan ta juya ta kalli rumbu, ta sauke tulun ta shiga ɗaki. Daga Malam ba saƙo. Wani da ya dawo ya ce ya gan shi yana aikin gini, mai aikin bai sallame su ba tukuna.

Kowa ya san ruwan farko ba ya jiran kowa. In ya sauka, kwana biyu ne ko uku ƙasa ta bushe, wanda bai shuka ba ya bi baya, kuma mun ga abin da bin baya ya yi mana bara. Na kwana biyu ina juya abin a raina. Jere na mace ne. Miji ba ya taɓa shi, uwar miji ba ta ko ɗaga ido ta yi maganarsa, kuma Iya ba ta yi ba. Da ta yi, wataƙila da na ji haushi na ƙi. Shirunta ne ya fi ƙarfina.

Ranar kasuwar Dungas, bayan asuba, na ɗauki wuƙa na shiga ɓamɓare faranta daga bango. Kowane ya fita ya bar zagayen gurbinsa, fari a tsakiya, hayaƙi ya baƙanta gefe. Na jera su a babban kwando da ƙaiƙayi a tsakani, na ɗora kwanukan, na rufe da zane. Tasoshin kakata biyu kawai na bari. Na fito na sami Iya a tsakar gida tana tsince hanza. Ta dubi kwandon, ta dubi ƙofar ɗakina.

"Amarya, kayanki ne. Ba wanda ya tambaye ki."

"Na sani, Iya."

Ta tashi ta kama mini na ɗora a ka. Ta gyara mini gammo da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ban bi hanyar da mutane ke bi ba. Na zaga ta bayan gonaki don kada wani ya tambaye ni me ke cikin kwando, yashi na cin ƙafa, kwanuka na ƙara a kaina duk da ƙaiƙayin. Kunya nake ji kamar na yi sata. Ina ta tunanin yammacin Sallah, mata su shigo su ga bango tsirara, Rabi ta sunkuyar da kai don kada ta kunyata ni, wanda ya fi dariya ciwo.

Na isa kasuwa rana ta take. A can gefe, bayan 'yan tukwane, akwai wata dillaliya mai sayen kayan ɗaki. Tun daga nesa na ga tabarmarta ta cika ta tumbatsa, kwanuka tsibi-tsibi kamar an kwashe ɗakunan amaren ƙasar duka. Na matsa na sauke kwandona. Ina ɗaga kai sai idona ya faɗa kan ɗawisu. Shuɗin farantin nan yana jingine a jikin wata tukunya, rana na haska shi. Kafin in gama mamaki na ji an yi gyaran murya a bayana. Rabi ce, da kwandonta fanko a hannu, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Ashe ita ta gabas ta zago, ni ta yamma.

Muka tsaya muna kallon juna. Ita ta fara magana.

"Saude, ke ma kin kawo su shan iska?"

Dariya ta kama mu, irin wadda ba ta tsayawa, har muka durƙusa muna riƙe ciki, hawaye na zuba, dillaliya na kallonmu tana cewa da azumi a bakinmu mu ji tsoron Allah. Da muka natsu muka shiga duba tabarmar da kyau. Ga kwanon matar liman mai murfin kore. Ga langar Ta-Sallah mai kitso. Rabin unguwarmu na nan a kan tabarma, kowace ta zo a ɓoye ta koma a ɓoye.

Dillaliya ta taya kayana tayin wulakanci, na ƙi, ta ƙara kaɗan, na sallama. Faranti ɗaya ta ture gefe, wai bakinsa ya ɓantare ba ta so. Daga nan muka wuce wajen 'yan hatsi. Rabi ta fi ni sanin iri, 'yar manoma ce ta gaske. Ta damƙi gero ta murza a tafin hannu, ta shinshina, ta ƙi na mutum biyu, sai wajen wani tsoho da ya zo da nasa a zangarniya muka saya, irin mai saurin nuna. Na ƙara da ɗan wake da 'yar dawa. Da aka ɗaure mini buhun na ɗaga shi, bai kai nauyin kwandon da na kawo ba. Shekara bakwai na wahalar uwata ke nan a cikin rabin buhu.

Muna hanyar fita kasuwa muka ga abin. Wani ɗan koli da ya zo daga tsallaken iyaka ya rataya shi tsakanin sanduna biyu na rumfarsa. Ado ne na takarda mai ƙyalli, ja da kore da ruwan zinariya. In an ja shi sai ya buɗe ya zama jerin furanni, in an sake shi ya koma ya lafe kamar ƙosai a tafin hannu. Iska na kaɗa shi yana walƙiya yana ƙara siririya. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Muka tsaya kamar yara. Na ja hannun Rabi na ce mu tafi, mutanen da ke cin hanza ina su ina wannan. Ta ce ai ba ci za mu yi ba, kallo ne, kuma Sallah ba ta san an yi fari ba. Ta zaro ɓantararren farantina daga kwando, ta haɗa da wani ludayin ƙarfe nata da dillaliya ta ƙi, ta miƙa wa ɗan kolin. Ya juya su, ya ce matarsa za ta yi masa dariya. Rabi ta ce to ai ya samu abin da zai sa matarsa dariya ranar Sallah, mutane nawa ne suka samu haka bana? Ya girgiza kai, ya kwance mana guda.

A gindin wata gawo a hanya muka zauna muka raba shi biyu da reza, muna ƙirga furannin don kada wata ta fi wata. Muka taho tare ta babbar hanya, buhu a ka, ba wadda ta ƙara rufe fuska.

Iya ta kwance buhun ta zura hannu har wuyan hannu a cikin geron, ta daɗe ba ta fitar ba. Ta sa mini albarka a hankali. Da na nuna mata furen kuwa sai ta taɓe baki ta ce ƙyal-ƙyal banza. Irin ta zuba a tulu ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka, ta ajiye a ƙarƙashin gadonta inda ko ɓera sai ya nemi izini.

Rabi ba ta iya riƙe magana. Kafin kwana biyu, a bakin rijiya, kowace mace ta san an ga kwanonta a Dungas, aka yi ta dariya ana tsokanar juna, har matar liman ta ce ita nata aro ta bayar. A nan aka yanke shawara: tunda ba jeren da za a wanke, ɗakunan dai sai an shafe su, kuma gayya za a yi. Mu shida ne. Farar ƙasa sai a wani rami bayan fadama ake samunta, tafiya mai nisa. Muka tafi bayan asuba da ƙore da 'yan fartanya, muka haƙo, muka dawo rana na dukan ƙeya, ba mai iya magana, sai ƙarar takalma a yashi. Ta-Sallah jiri ya ɗebe ta a hanya, muka zaunar da ita muka yi mata fifita da faifai, ta ƙi karya azumin. Ruwan kwaɓi kuwa, na wanke-wanke da na jiƙon hanza muka riƙa tarawa, ba a zubar da ko ɗigo.

Kullum ɗaki ɗaya. A fitar da gado da tabarmi, a share yana, a toshe ramukan gara, biyu na kwaɓawa, huɗu na shafawa da tsumma. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa a ɗaki mai duhu, ga mai azumi, wani abu ne. Sanyi yake kawowa har cikin ƙirji, har sai ka riƙa tuna wa kanka cewa ba a lasa. Nawa ɗakin ne na huɗu. Muka shafe shi sau biyu, amma da ya bushe sai gurbin farantan ya sake fitowa, zagaye-zagaye sahu-sahu, kamar bangon na ƙirga mini abin da na rasa. Na zauna a bakin gado ina kallo.

Iya ta leƙo. Ba ta cika shiga ɗakina ba, saboda kunya irin ta surukai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi bangon, ta fita. Jim kaɗan ta dawo da 'yan ƙore uku: ɗaya jar ƙasa, ɗaya baƙin gindin tukunya da ta kwaɓa da ƙaro, ɗaya ɗan guntun bula da ta ɓoye tun bara. Ta ɗaure zanenta, ta tsoma yatsa, ta bi gurbin farko ta zagaye shi da ja. A cikinsa ta ja layuka suka haɗu suka zama tauraro. Na biyu ta yi masa ganye. Na uku wani kulli mai shiga da fita wanda idona ya kasa bin farkonsa. Hannunta ba ya rawa ko kaɗan. Ashe a zamaninsu, kafin kwanon kanti ya zo, haka amare ke yi wa ɗakunansu, kuma ita ake ɗauka har ƙauyukan maƙwabta ta yi musu. Shekara biyu ina gidan ban sani ba. Ta yini tana yi, da azumi, tana hawa kan turmi don ta kai na sama, ina riƙe mata ƙoren. Da ta gama ta ja da baya ta duba, ta ce na gefen hagu ya karkace, ta gyara. Washegari sauran matan suka zo suka gani, sai ga Iya ana rububinta gida-gida.

Ranar ashirin da takwas na rataya furen. Na ɗaura zare daga wannan gefen tsaiko zuwa wancan, ya ratsa gaban zanen Iya. Na mayar da tasoshin kakata kan kanta, na goge su da tsamiya. Hasken ƙofa ya faɗa kan furen, ja da kore suka riƙa yawo a farin bango. Iya ta zo wucewa, ta tsaya, ta ce a ɗaga shi kaɗan daga gefen fitila kada zafi ya nannaɗe shi. Daga ranar ita ce mai tsaronsa. Ita ta samo mini tsohon gwangwanin madara mai murfi, ta ce in an sauke a lafe shi a hankali, a naɗe a tsumma, a sa busasshen ganyen bedi saboda gara da kyankyaso. Ta kafa doka: kwana uku bayan Sallah a sauke, kada hayaƙi ya ci shi. Da wannan dokar furen nan ya yi mini Sallah goma sha ɗaya. In ya yage in liƙe da ƙaro, in launin ya kwanta in goge da auduga, yana gajarta shekara bayan shekara har ya koma bai fi kamu ɗaya ba.

Ruwan ya zo ranar ashirin da tara, bayan la'asar. Tun azahar garin ya yi tsit, zafi ya yi nauyi kamar an kifa mana tukunya. Can sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, shamuwa suka shiga kewaya tsamiya, iska ta taso tana kwashe faifai da tsummoki. Ɗigon farko ya faɗo mini a hannu, mai girma, mai ɗumi. Kafin mu kwashe shanya ya ɓarke. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, tuluna, ƙore, turmi, har tasoshin kakata. Na tsaya a tsakar gida ruwa na dukana, na datse leɓe gam don kada ya shiga, sauran sa'a guda a sha ruwa. Sai na ji Iya na kira daga ƙofarta, wai jinkata na yoyo, in je in cire ƙyal-ƙyal ɗin nan. Na ruga na kwance shi na kifa masa ƙwarya. Ruwa ya ɗan bi bango ya ja jelar shuɗi daga tauraro ɗaya, sauran ba abin da ya same su. Farar ƙasar da muka shafa a waje kuwa duk ta wanke ta bi tsakar gida kamar nono.

Da magariba da ruwan sama muka buɗe baki. Hadari bai bar kowa ya ga wata ba, amma labari ya zo ta rediyon mai gari cewa an gani, gobe Sallah.

Ban taɓa ganin gajeren idi irin na ranar ba. Liman ya yi huɗuba 'yar kaɗan, ya ce Allah ya haɗa mana Sallah biyu a rana ɗaya, kowa ya tafi gona. Aka watse ana sauri. Iya ta fasa bakin tulun. Mazan da suka rage a garin tsofaffi ne da marasa lafiya, don haka sungumin Malam ni na ɗauka. Ban taɓa sara ba, a gidanmu maza ke yi. Na ɗaure zanen Sallata a ƙugu, na shiga tafiya ina sara, taki ɗaya sara ɗaya, Iya na bina da ƙwaryar iri tana jefawa tana rufewa da diddige. Layina na farko ya karkace kamar tafiyar maciji. Ta ce gero bai san karkace ba, in ci gaba. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, na naɗe da gefen ɗankwali. Ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafa. Ga shi yau ba azumi, in ƙishi ya zo sai in ɗaga gora in sha har ya zubo ta wuya. Rabi da surukinta suka gama tasu suka zo suka kama mana. Kwana biyu muka yi, muka rufe gonar duka.

Yawon barka da Sallah kuwa an yi shi, da yammacin ranar farko, da laka a ƙafa da zannuwa masu jirwaye. Na mayar da furen kafin su zo. Mu shida muka bi ɗakunan juna, ba kwano ba faranti, ana ta yaba zane ana gardamar na wa ya fi. Iya ta fito da 'yar dawar da ta ɓoye ba wanda ya sani, ta yi tuwo da miyar kuka, muka ci a akushi ɗaya. Matar liman ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ɗakinta da faɗi haka ba.

Malam ya iso rana ta huɗu da hantsi. Ina ɗaki na ɗauko gwangwanin zan sauke furen, don kwanakin Iya sun cika, sai na ji sallamarsa, muryar a sama. Ya rame, ya yi baƙi, da ɗan buhu a kafaɗa. Tun a can ya ga hadarin ya san ya makara, ya baro sauran haƙƙinsa ya kamo hanya, rabi a mota rabi a ƙafa. Ta gona ya biyo don ya ga ko ƙasar na da sauran laima, sai ya tarar gero ya tsiro, layi-layi, kore shar kamar allurai. Ya ɗauka wani ne ya ga ba ya nan ya shige masa gona. Ko ruwa bai sha ba, ya durƙusa ya gaida Iya a gurguje, ya tambaye ta wa ya shuka masa gona, kuma da irin wa.

Iya ba ta ɗaga kai daga tsintar da take yi ba. Ta ce, "Shiga ɗakin matarka ka gaishe ta tukuna."

Ya sunkuyo ya shigo. Dogo ne, hularsa ta taɓa furen ya yi ƙara. Na durƙusa na yi masa sannu da zuwa. Ya dubi bangon daga sama har ƙasa, ya dubi kantar da ba komai sai tasoshi biyu, sa'an nan ya dubi hannuwana da ke naɗe da tsumma. Ya san jeren nan, ya san wadda ta tara shi. Ya sauke buhun a hankali ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya riƙe. Na kawo masa ruwa a ƙwarya, ya sha, ya daɗe yana kallon cikinta.

Can ya ɗaga kai ya nuna sama da haɓa.

"Wannan fa?"

"Na Sallah ne. Yanzu zan sauke shi, kwanansa ya cika."

"A bar shi tukuna," in ji shi. "Ni ban yi Sallah ba."

Na leƙa waje wajen Iya, mai doka. Tana jinmu sarai, amma ta juya baya tana kiran kaji. Na mayar da murfin gwangwanin. Furen nan bai sauka ba sai ranar da muka fita noman firi, mu uku, gero ya kai idon sawu.